Faifan Stand! na Sly and the Family Stone: da shi zan fara?

Nasiru: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Tun da aka sanar da rasuwar Sly Stone, jagoran ƙungiyar Sly and the Family Stone, a watan Yunin 2025 nake jin ana yabon faifan Stand!, alhali ni sanina da kiɗan Amurka na wancan zamani bai wuce James Brown ba. Don Allah manyanmu, da shi ya kamata in fara, ko akwai wanda ya fi shi?

Malam Garba: Wa alaikumus salam, Nasiru. Ka fara da shi, babu wata-wata. Kamfanin Epic ne ya fitar da shi a watan Mayun 1969, kuma abin da ya hana shi tsufa, a ganina, shi ne yadda aka raba waƙar. A wurin James Brown shi kaɗai ne a gaba, sauran suna biye da shi. A nan kuwa, idan ka saurari "I Want to Take You Higher", za ka ji Sly da ƙannensa Freddie da Rose, da mai jitar bes Larry Graham mai murya mai kauri, suna karɓa-karɓar baiti, har ka rasa wane ne jagora, wane ne ɗan amshi. Ga jita mai ƙarar rock, ga rerawa irin ta coci, ga ganga mai nauyin funk, duk a waƙa guda.

Hajiya Rabi: Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ina so Nasiru ya san su wane ne ke kiɗan. Ƙungiya ce ta San Francisco da ta haɗa baƙaƙen fata da farare, maza da mata, shekara guda bayan kisan Martin Luther King, lokacin da irin wannan haɗin ba ƙaramin abu ba ne a Amurka. Mai ganga Greg Errico da mai busa Jerry Martini farare ne, kuma mace ce, Cynthia Robinson, ke busa ƙaho. Shi ya sa da suka rera "Everyday People", wadda ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard a farkon 1969, mutane suka gaskata su. Ka nemi fim ɗin Summer of Soul na 2021, ka gan su da idonka a dandalin unguwar Harlem ta birnin New York.

Injiniya Bello: Ni shawarata ita ce kada ka saurara ta lasifikar waya, domin za ka rasa jitar bes, wadda ita ce ƙashin bayan faifan. A "Everyday People" Graham sauti ɗaya yake nanatawa tun daga farko har ƙarshe, amma waƙar ba ta gundurar mutum. Salon nan nasa na dukan tsirkiya da babban yatsa, wanda ya ƙirƙira lokacin da yake kiɗa da mahaifiyarsa babu mai ganga, ya fi fitowa a "Thank You", kuma ba ta cikin wannan faifai, sai a Greatest Hits na 1970. "Sex Machine" da ke cikin Stand! kuwa, mai kusan minti 14, ana iya tsallake ta.

Malam Garba: A'a, Injiniya, ban yarda a tsallake ta ba. Ba waƙar saurare a zaune ba ce, kiɗan rawa ne, kuma a nan ne ake jin ƙwarewar Freddie a jita.

Hajiya Rabi: Ku bar shi ya yanke wa kansa hukunci. Abin da zan ƙara shi ne, kada ka yi gaggawar zuwa There's a Riot Goin' On na 1971. Faifai ne mai duhu, Sly ya yi yawancinsa shi kaɗai da na'urar ganga, muryarsa a dusashe, kuma ba za ka fahimci abin da ya ɓace a cikinsa ba sai ka ƙoshi da annashuwar Stand! tukuna.

Nasiru: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, idan bes ɗin ya kama ni, ina zan nufa daga nan?

Injiniya Bello: Ka nufi faifan Head Hunters na makaɗin jazz Herbie Hancock, na 1973. Akwai kiɗa a cikinsa da ya sa wa suna "Sly" don girmamawa.