Me za mu kira wanda ya bar cin nama da gangan?

Jama'a, ina fassara wani rubutu kan sauyin yanayi, sai kalmar vegetarian ta tsayar da ni.

"Maci-ganye" na fi ji a bakin mutane, ni kuwa ba ta kwanta mini ba. Kunnen Bahaushe akuya zai ji. Kuma mutumin nan ba ganye kaɗai yake ci ba, yana cin tuwo da wake da ƙosai da awara, yana shan nono, wani har da ƙwai. Larabawa sun ce nabati, daga tsiro, amma "mai cin tsiro" ta fi dacewa da vegan, wanda ko man shanu ba ya taɓawa.

Wani malami ya ba ni "ƙi-nama". Gajeriya ce, sai dai tana nuna ƙyama, alhali da yawansu suna son tsire, dalili ne ya raba su da shi.

Ni na tsaya kan "mai ƙaurace wa nama". Ƙauracewa sai da niyya da hujja. Talakan da ba ya ganin nama sai Babbar Sallah bai ƙaurace ba, rashi ne, kuma bai kamata kalma ɗaya ta haɗa su ba.

Hujjar masu ƙaurace wa nama kuwa tana da nauyi. A 2013 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa kiwo ke fitar da kashi 14.5 cikin 100 na iskar da ɗan Adam ke ɗumama duniya da ita. Gyatsar shanu na fitar da iskar metan, wadda ke cikin masu ɗumama duniya. A Brazil ana sare dajin Amazon a mai da shi makiyaya, kuma mafi yawan waken suyan duniya dabbobi ake ba wa.

Amma saniyar Brazil daban, ta Bafulatani daban. Tamu tana cin ciyawar inda garma ba ta shiga, bayan girbi ta ci harawa da karmami, ta bar wa manomi taki. Yaron da tamowa ta kama yana buƙatar madara da ƙwai da ɗan nama, kuma bitamin B12 daga dabba aka fi samunsa. Shi ya sa nake son kalmar da za ta nuna zaɓi ne na mai hali.

Da ita zan miƙa fassarar. Malaman Hausa, in kuna da wadda ta fi ta gajarta ba tare da ta zubar da ma'anar niyya ba, ina saurare.