Shawarar magoya bayan Orioles kan jera matasan 'yan wasa

Da magoya bayan ƙungiyar baseball ta Baltimore Orioles a Amurka suka tattauna yadda za a jera matasansu na ƙananan rukunan baseball, yawancinsu cewa suka yi a fara duba shekaru. Ɗan shekara 20 da ke riƙe kansa a rukunin Double-A ya fi ɗan 25 da ke cin karensa babu babbaka a Single-A, rukunin da ke ƙasa da shi. Masu jifan ƙwallo kuwa a sa su ƙasa kaɗan, don tiyatar gwiwar hannu takan cinye fiye da shekara.

Sun kuma ja kunne kan saurin yanke hukunci, nan ma ina tare da su. A Afrilun 2024 matashin ɗan wasan Orioles Jackson Holliday ya yi nasarar bugu 2 kacal cikin 34, aka mayar da shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Norfolk, wasu suka fid da rai da shi. Ƙarshen Yuli ƙungiyar ta sake kiransa.