Kwana 4 a teku daga Tema zuwa Takoradi, in je ko in haƙura?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Abokina yana aiki da wani mai ƙaramin jirgin ruwa, irin wanda ake ɗaga wa ƙyalle iska ta tura shi. Za su tashi daga Tema zuwa Takoradi a Agusta, kwana 4, da tsayawa a Elmina, mu 5 ne in na yarda, kowa sidi 3,000 na mai da abinci. Ni a Kumasi aka haife ni, ruwan da na sani bai wuce tafkin Bosomtwe ba, iyo ma ban iya ba. Agusta ya yi, ko in ce su jira Disamba? Kuma kuɗin daidai ne?

Hajiyar Nima: Kai yaro mota ta ƙare ne? Ka hau bas a Kaneshie da safe, kafin la'asar kana Takoradi. Mamanka ta sani?

Direban Ashaiman: Ɗan'uwa kar ka je. Ni na yi irinta, 4,500 na biya, mai jirgin ya rantse komai sabo ne. Daren farko wajen Winneba iska ta mutu ya tada inji, ba mu yi nisa ba sai muka ji gau, ashe komar masunta ce ta naɗe farfela, babu fitila a kanta babu komai. Haka muka kwana jirgi na juyi kamar ƙwarya, ni ina rungume da bokiti, amai har sai da ya koma ruwa kore mai ɗaci. Da asuba sai ga kwalekwale biyu, mutum kusan goma, suna ta faɗa da Fante wai mun yaga musu koma, kuma gaskiyarsu ce, abincinsu ne. Mai jirgi ya ce ba shi da ko kwabo a jikinsa, mu fasinja muka haɗa 1,200 kafin su ja mu bakin gaɓa. Har yau in na kira shi ba ya ɗauka.

Ɗan Aboabo: Subhanallahi, sannu yaya. Wane wata ne?

Direban Ashaiman: Wata ba shi ne magana ba, mutumin ne macuci. Rigar ruwa 3 ce a jirgin, mu 6.

Ɗan Fadama: To ai kifayen Winneba sun gode, sun ci waakye kyauta har da shito 😂

Tsohon Matuƙi: Wata shi ne maganar mana. Na yi shekaru a jirgin kamun kifi a Tema. Ruwan gaɓarmu gabas yake ja, iska kuma yawanci daga kudu maso yamma take, wato mai zuwa Takoradi yana gaba da su duka biyun, jirgin ƙyalle sai dai ya riƙa karkacewa hagu da dama, shi ya sa tafiyar kan ninka. Dawowa ce mai daɗi. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasa, teku na da tsalle, kuma lokacin kifi ne, kwalekwale ko'ina da dare. Disamba ruwa ya fi kwanciya, sai dai hazon hunturu ya hana ka gani nesa. Ɗan koyo ya jira Disamba. In za ku iya ku bi wajen masunta ranar Talata, ba sa fita.

Direban Ashaiman: Baba da girmanka, babban jirgin ƙarfe ka hau, ba wannan da bai fi troto tsawo ba. Ni na kwana a ciki.

Tsohon Matuƙi: Dare ɗaya ka yi, kanka cikin bokiti. Me ka gani?

Mai Shagon Alabar: 3,000 ma ya yi yawa, ƙanina 800 ya biya a Ada.

Ɗan Fadama: Wannan yawon awa biyu ne a bakin kogin Volta, Alhaji, ba teku ba.

Malamin Zango: Ko ma yaushe ne, alwala da ruwan teku ta halatta, kuma za ka yi ƙasaru. In tsayuwa ta gagara ka yi a zaune. Ka riƙe citta saboda tashin zuciya.

Hajiyar Nima: Ku kuna ta teku, tafkin Volta fa? Na haye a Yeji zuwa biki, an loda mu da buhunan doya da babur da awaki, ruwa saura tafin hannu ya shigo, ba wanda aka ba riga. Ga kututturan itace a ƙarƙashi tun da aka tare ruwan a Akosombo a 1965, wani yaro ne a gaba yake nuna wa direba hanya da hannu. Ban daina salati ba sai da na taka ƙasa.

Mai Shagon Alabar: Wallahi Hajiya, sai an yi hatsari a zo da kyamara a raba riguna, bayan sati biyu ka gansu an ɗaure a ƙarƙashin benci.

Direban Ashaiman: Mu ma da laifinmu, an ba wani ya ce zafi take sa shi.

Ɗan Aboabo: To jama'a batun 3,000 ɗin fa?

Hajiyar Nima: Lodin jirgi a Dambai ma haka ne, tambayi duk mai zuwa sayen doya.