Wane suna za mu ba rawayan da ke kan ƙwan LED?

Jama'a, ku kwance murfin ƙwan sola ku duba. Za ku ga 'yan ƙananan tabo masu ruwan ɗorawa. Wannan shafen shi ake ce wa "phosphor" a Turance. Ainihin ƙwan da ke ƙarƙashinsa shuɗin haske yake bayarwa, irin wanda masana kimiyya Akasaki da Amano da Nakamura suka ci kyautar Nobel a kansa a 2014. Shafen sai ya shanye wani kaso na shuɗin, ya fito da shi rawaya, su biyun su haɗu, ido ya ga fari.

Wasu sun ce a bar shi "fosfo". Ban yarda ba. Manomi zai ɗauka fosfaras ne na takin NPK, alhali wanda aka fi shafawa, wani sinadari da ake ce wa YAG mai ɗauke da ƙarfen seriyom, ko ƙwayar fosfaras babu a cikinsa. "Hodar ƙyalli" ma ba ta yi ba, domin ƙyalli mayar da haske ne yadda ya zo.

Wani malaminmu ya kawo "marinin haske". Allah ya gafarta malam, sunan yana da daɗi a baki, amma rini tare wani launi kawai yake yi, ba ya haifar da sabo. Ni "majuyin haske" na zaɓa.

Saura sabon majuyin da ake gwadawa, wato "carbon dots". An gano su ne ba zato ba tsammani a Amurka a 2004, girmansu bai kai nanomita 10 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Ana iya dafa su daga sinadarin tsamin lemo da yuriya, har daga baƙin hayaƙin kyandir an samu. Abin da ya sa ake zawarcinsu shi ne ba sa bukatar ƙarafan nan masu wuyar tacewa, irin su seriyom, da galibi daga Sin suke fitowa. Matsalarsu, in suka bushe suka dunƙule sai hasken ya dushe, dole a warwatsa su cikin sitaci ko silika, wato sinadarin yashi. Shi ya sa har yanzu sun fi yawa a ɗakin gwaji.

In aka ce musu "ɗigon gawayi", zai sa yaro ya zaci baƙin abu ne mai ɓata hannu. "Ɗigon kabon" ya wadatar. A aji sai a ce: an shafa wa shuɗin ƙwai majuyin haske na ɗigon kabon. Masu gyaran lantarki, ya zauna a bakinku?