Ba Don Bature Ba, Da Mdou Moctar Na Nan Yana Kiɗan Biki?

Ɗan Damagaram: Ku yi haƙuri jama'a, amma gaskiya ɗaya ce. Ba don wani Ba'amurke ya tsinci Mdou Moctar, Buzun nan na Nijar mai kiɗan jita, ba, da har yau yana zagayen gidajen biki a Agadas da jitarsa. Turawa ne suka yi shi.

Uwar Biyu: Haba ƙanena! Tsince shi a ina, a bola? Tun 2008 ya je Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa da irin na'urar gyaran murya ta mawaƙan fim ɗin Hausa. Babu kamfani, babu rediyo. Daga waya zuwa waya ta bulutut da memori suka ratsa Sahara. Ba'amurken da kake nufi, Christopher Kirkley mai kamfanin fitar da faifai, ai a wayoyin mutane ya ji shi, sannan ya shiga cigiyarsa.

Ɗan Damagaram: To Yaya, nawa ya samu a bulutut ɗin? Ko dala. Suna ba ya cika tumbi.

Baban Kanti: Nan kam yaron nan ya taɓo wani abu. Na yi shekaru ina tura waƙa a memori a shagona, layi har bakin titi ranar kasuwa. Kuɗin turawa aljihuna yake shiga, mai waƙar ko labari.

Uwar Biyu: Allah ya shirye ka, Baba. Amma bulutut ɗin ne ke kawo gayyatar biki, biki kuma shi ne makarantar masu jita. Mutumin da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, bahago kuma, a gidan da ba a son kiɗa, ka ce wani ne ya yi shi? Wanda ya saba kaɗawa a fili da janareta, ƙura na tashi, har dare ya raba, dandalin Amurka ba zai ba shi tsoro ba.

Malamin Lissafi: Ku bar batun wa ya yi wa. Ni abin da nake musu shi ne zaton yawon ƙasashen waje arziki ne. Mutum huɗu ne: shi, Ahmoudou Madassane, Souleymane Ibrahim mai ganga, da Mikey Coltun Ba'amurke. Cire kuɗin jirgi, biza, hayar mota, mai, masauki, kason mai shirya wasa. Ragowar a raba huɗu. Kamfanin Matador ɗin da ya fitar musu da faifai a 2021 ma ba ya cikin manyan kamfanonin waƙa uku na duniya.

Ɗan Damagaram: Malam, da ba riba da sun daina.

Malamin Lissafi: Ka manta Yulin 2023? Ana juyin mulki a Yamai suna tsakiyar yawo a Amurka, aka rufe iyakoki, suka maƙale. Sai da masoya suka yi musu karo-karo a intanet na abinci da wurin kwana.

Ɗan Damagaram: Yauwa! Su wa suka yi karo-karon? Mu?

Uwar Biyu: Wannan kuma laifinmu ne, ba nasa ba. Kuma in yaronsu ne, me ya sa yake caccakar Faransa kan ma'adinin yuraniyom da ake haƙa a Arlit ta Nijar a gaban su Turawan?

Baban Kanti: Su tafa masa, su sayi tikiti. Zagi da Buzanci ai ba ya zafi ga wanda ba ya ji.

Uwar Biyu: Da Turanci da Faransanci ma yana faɗa a hira, Baba.

Ɗan Damagaram: Ni dai ban sauka ba. Wa ke da waƙoƙin Sakkwaton nan ya turo mini?

Malamin Lissafi: Kyauta, ko?