Me ya sa Ɗan Ragon da ke tsakiyar kursiyi yake ɗauke da alamar yanka?

Malamin ajin matasa ya rubuta:

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Watanni biyu ke nan muna nazarin Wahayin Yahaya da matasan ikilisiyarmu, kuma da farko na ɗauka duk lokacinmu zai ƙare ne a kan dabbar nan da lambarta 666, domin wa'azin ƙarshen zamani da muka tashi muna ji ke nan. Sai ga shi mun makale a sura ta 4 da ta 5, inda babu kome sai sujada. Ranar Lahadi wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye ni cewa, idan aikin fansa ya kammala a kan gicciye, me ya sa Yahaya ya ga Yesu a sama kamar Ɗan Rago da aka yanka, maimakon Zakin da ɗaya daga cikin dattawan da ke kewaye da kursiyin Allah ya faɗa masa? Na ce mata zan bincika. Ina roƙon manya su taimaka mini, su kuma haɗa da bayani a kan ko su wane ne dattawan nan 24.

Tsohon fasto ya amsa:

Ɗana, yarinyar nan ta sa yatsa a kan zuciyar littafin gaba ɗaya. Ka lura da bambancin abin da Yahaya ya ji da abin da ya gani. Yana cikin kuka domin an rasa wanda ya cancanci ya ɓamɓare hatimai bakwai na littafin da ke hannun dama na mai zaune a kursiyi, sai aka ce masa ya yi shiru, Zakin kabilar Yahuza, Tushen Dawuda, ya yi nasara. Wannan da kunne ya ji shi. Da ya ɗaga ido, abin da ya gani Ɗan Rago ne a tsaye, kamar an yanka shi. Ba mutum biyu ba ne, kuma ba a sauya ɗaya da ɗaya ba: yankan nan shi ne hanyar da Zakin ya bi ya yi nasara. Yankakken rago ba ya tsayawa da ƙafafunsa, amma wannan yana tsaye, wato mutuwa da tashi suna cikin hoto guda. Ƙahoninsa bakwai kuma suna nuna cewa babu rauni a tattare da shi.

Sai ka kwatanta waƙoƙin biyu. A sura ta 4 ana yabon Allah domin shi ya halicci kome, kuma kalmar "mai tsarki" sau uku tana mayar da mu ga Ishaya 6, rayayyun halittu huɗu da ke kewaye da kursiyin kuwa ga Ezekiyel 1. A sura ta 5 ne aka ce sabuwar waƙa, sabuntar tata kuwa ita ce dalilinta: an yanka shi, da jininsa ya fanso wa Allah mutane daga kowace kabila da harshe da jama'a da al'umma, ya mai da su mulki da firistoci, alkawarin da aka fara yi wa Isra'ila a Fitowa 19:6. Da za a goge alamar yankan, da waƙar ta rasa abin da za ta faɗa.

Akwai abu ɗaya da nake jan kunnen masu wa'azi a kansa. A ƙasarmu yau, da an ce "fansa" abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne kuɗin da ake kai wa masu garkuwa da mutane a daji. Kalmar Helenanci da ke wurin tana nufin saye, irin na kasuwa, amma nassin ya faɗi farashin, wato jini, ya faɗi wanda aka sayo mutanen dominsa, wato Allah, bai ce an miƙa wa Shaiɗan kome ba. Kada misalin ya ja mu inda nassin bai je ba.

Wani dattijon ikilisiya ya amsa:

Baba Fasto, na yarda da bayaninka, sai dai ka tsallake maganar dattawan. Abin da aka koya mana shi ne su ne ikilisiyar da aka fyauce zuwa sama kafin babban tsanani, shi ya sa suke sanye da fararen tufafi da kambin zinariya, kuma aka kira Yahaya da cewa ya hauro a farkon sura ta 4. Ai har suna rerawa cewa "ka fanshe mu".

Tsohon fasto ya sake amsawa:

Dattijo, wannan fahimta ce da masu bi da yawa suke riƙe da ita, ba na raina ta. Amma kalmar "mu" ɗin nan ba a kowane tsohon kwafi take ba. Kwafin Iskandariya, wato wani tsohon rubutun hannu na Littafi Mai Tsarki da Helenanci na ƙarni na 5, wanda masana suke ba nauyi sosai a wannan littafin, ba shi da ita a aya ta 9, kuma a aya ta 10 galibin kwafe-kwafen "su" suke cewa. Saboda haka wasu suna ganin dattawan a matsayin wakilan kabilu 12 da manzanni 12, wasu suna tuna ƙungiyoyin firistoci 24 na 1 Tarihi 24, wasu kuma suna ɗaukarsu manyan mala'iku. Ni na fi karkata ga na farko, domin sura ta 21 ta haɗa sunayen kabilun a ƙofofin sabuwar Urushalima da na manzannin a harsashinta. Duk wanda aka ɗauka, aikinsu bai canja ba: suna tuɓe kambinsu su ajiye a gaban kursiyi.

Wata uwa daga zumuntar mata ta amsa:

Malam, ni ba ni da ilimin Baba, amma ina so ka gaya wa yarinyar nan halin waɗanda aka fara karanta wa littafin. Yahaya yana tsare a tsibirin Batmusa, kusan shekara ta 95, a zamanin sarki Domitiyan, kuma a garuruwa irin su Afisa da Birgamas akwai haikalin da aka gina domin girmama sarakunan Roma. An riga an kashe Antifas, amintaccen mashaidin Yesu, a Birgamas. Ga irin waɗannan mutane, cewa Ɗan Rago ne ya cancanci iko da daraja magana ce da za ta iya jawo musu mutuwa. Ko mala'ikan da Yahaya ya faɗi a gabansa sau biyu, a sura ta 19 da ta 22, hana shi ya yi, amma Ɗan Ragon ya karɓi sujada tare da mai zaune a kursiyi ba tare da kowa ya hana ba.

Shekarar da na binne mijina, aya ta 8 ta sura ta 5 ce ta riƙe ni, inda dattawan suke riƙe da tasoshin zinariya cike da turare, aka ce turaren addu'o'in tsarkaka ne. A lokacin addu'ata ba ta wuce kalmomi uku ko huɗu da hawaye, amma na gane cewa har ita tana da tasa a can.

Malamin ajin matasa ya rubuta:

Na gode, Baba, na gode, Dattijo, Mama kuma Allah ya ƙara miki ta'aziyya. Lahadi mai zuwa zan raba ajin gida biyu, ɓangare ɗaya ya karanta waƙar sura ta 4, ɗayan ta sura ta 5, yarinyar kuma ita za ta karanta mana Fitowa 12 a kan ɗan ragon Idin Ƙetarewa kafin mu fara.