Enzayim ɗin ƙwayar ruɓewar haƙori ya ƙi fita, ina na yi kuskure?

Ɗalibar Jega: Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin ƙananan halittu ku taimaka min, furojet nike a aji huɗu, ina son in ga ko ruwan asuwaki zai hana enzayim ɗin Streptococcus mutans, ƙwayar da ke ruɓar da haƙori, aiki, wato wanda ake kira Gtf. Na raino ƙwayar cikin ruwan BHI, wato ruwan rainon ƙwayoyin cuta, a digiri 37, na zuba mata sukuros don ta ji daɗi ta yi yawa, washegari na tarar duk ta manne jikin kwalba kamar kunun da ya kwana, na juya a sentirifuj, na'urar da ke kwantar da ƙwayoyin ƙasa, na ɗebi ruwan sama na sa amoniyam salfet don ya tattaro enzayim ɗin, na auna da DNS, kemikal ɗin da ke yin ja in enzayim ɗin ya fasa sukuros, amma shiru, ba wani aiki. Sau biyu ke nan kuma kuɗin kemikal daga aljihun babana suke fitowa wallahi abin ya dame ni.

Malamin Lab Gusau: Wa alaikumus salam ƙanwata. Sukuros ɗin nan da kika zuba shi ya ɓata miki aiki. Gtf aikinshi ke nan, ya fasa sukuros, ya saki furuktos, ya ɗinke gulukos ɗin ya zama gulukan, wannan danƙon da kika gani jikin kwalba. To shi enzayim ɗin yana manne wa danƙon da ya yi da kanshi, sai ya bi ƙwayoyin ya kwanta ƙasa, ke kuma kika zubar da na ƙasa kika riƙe ruwa fanko. Ki sake rainon da gulukos kawai. Kuma ki sani iri ukku ne, GtfB mai yin gulukan da ba ya narkewa cikin ruwa, GtfD mai yin wanda ke narkewa, GtfC yana yin duka biyun. Wanda ya fi fitowa cikin ruwan sama shi ne D, B ɗin ya fi son zama jikin ƙwaya, don haka ki tambayi mai duba aikinki wanne yake so.

Abu Argungu: Gaskiya Malam ya faɗi. Ni abin da zan ƙara shi ne sanyi, da zafin garin nan in kika bar shi kan tebur ya mutu. Ni lokacin nawa ƙanƙara nike saye wajen masu fiyawata in cika kula, in dasa bika a tsakiya, in riƙa barbaɗa amoniyam salfet kaɗan kaɗan ina motsawa, wajen giram 360 a lita ɗaya shi ne kashi 60 cikin ɗari na iyakar abin da ruwan zai iya narkarwa. Kar ki juye shi gaba ɗaya. Bayan nan dole ki yi dayalisis, wato tace gishiri da suga ta jaka mai ƙananan ƙofofi, ya kwana cikin bafa, ruwan da ke daidaita tsami, ki canza ruwan ko sau biyu, in ba haka ba gulukos ɗin ruwan raino zai biyo ki, DNS ya yi ja ki ɗauka enzayim ne alhali suga ne kawai. In kuna da kolum, wato bututun tace enzayim, na haidiroksiafatait ya fi, ma'adinin haƙori ne da kanshi kuma enzayim ɗin na kama shi sosai.

Maman Hanifa: Ni a sashen haƙori nike aiki, ban san kolum ba amma abin da kika gani jikin kwalba shi muke kankarewa kullum a bakin yara masu shan alewa da shayi mai suga. Iyaye su ce tsutsa ce ta ci haƙorin, alhali ƙwayar ce ke fakewa cikin danƙon tana zubo asid, da ma'aunin tsami (pH) ya sauka ƙasa da 5.5 farin haƙori ya fara narkewa. Ki daure ki gama aikin nan ɗiyata, tsofaffi da yawa suna tambayata ko asuwaki ya isa ba sai da buroshi ba.

Ɗalibar Jega: Allah ya saka da alheri, kai ashe da hannuna na zubar da shi. Litinin zan sake da gulukos in sha Allahu. Malam, ƙwayoyin da suka kwanta ƙasa in ajiye su ne ko za a iya ciro B ɗin daga jikinsu?